Rigar Fatar da Baba Ya Ɗinka wa Ɗan Tsegumi

Allah da ya ba mu aron Baba ya karɓi abinsa ranar wata Talata bayan sallar asuba, a ɗakinsa da ke unguwar Kudai a Makka. Daga gare Shi muke, can kuma za mu tarar da shi. Aka yi masa salla a Harami bayan azahar, muka kai shi maƙabartar Shara'i muka dawo. Mahaifin matata ne. Shekara goma sha ɗaya ina surukinsa, amma da za a tara maganar da muka yi da shi a tsawon wannan lokaci, ba za ta kai hirar yini guda ba.

Kwana uku kujeru na jere a bakin layi. Mutanen Makka sai bayan magariba suke zuwa gaisuwa, namu kuwa tun hantsi suke sallama. Tsofaffin mazauna unguwar Nakkasa da rusau ya warwatsa, wasu Zahir wasu bayan gari, duk suka haɗu, har suna gaisawa da murna kafin su tuna abin da ya tara su. Aminin Baba, wani tsoho mai sayar da carbi, ya zauna yana ta girgiza kai. Ya ce shi yanzu ba shi da abokin musu, domin shekara arba'in suna jayayya a kan ko giwan ruwan Yawuri ya fi kifin teku daɗi, kuma ga shi Baba ya tafi ba a yanke hukunci ba.

Mata suka yi ta shigowa da abinci, kusan kowacce kwanonta a cikin jakar raga. Baba ne ya saƙa musu, daga tsofaffin ragar kamun kifi da suka gama aiki, don ya tsani leda kamar me. Inna, surukata, ta daure tun safe ba ta zubar da hawaye ba. Sai da ta leƙo ta ga jakunkunan nan tsibi guda a bakin ƙofa, sannan ta zauna a ƙasa ta yi kukanta.

Rayyis ma ya zo daga bakin teku. Shi ne Balaraben da Baba ya yi wa aiki a jirgin kamun kifi tun suna da ƙarfinsu. Ya riƙe hannuna ya yi mini gaisuwa irin tasu, ya ce shekara talatin bai taɓa ganin ƙullin Baba ya kwance ba. Ni da shi muka kalli juna, kowa ya kau da kai, don mun san abin da bai faɗa ba.

A rana ta uku, ana shirin addu'a, na miƙe daga cikin mutane na sa takalmina na tafi, ban dawo ba sai washegari. An yi surutu. Ƙanin Inna ya ce surukan zamani ke nan, kwana ukun ma ya gagare su. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Baba, kuma don a san inda na je.

Baba Basarke ne daga Yawuri, a cikin kwalekwale ya yi wayo. Ya zo aikin hajji yana saurayi, ya ga Ka'aba, ƙafarsa ta ƙi komawa. Sai dai mutumin da ya tashi a ruwa zaman duwatsu yana ba shi wahala, shi ya sa bai daɗe ba ya gangara gaɓar Bahar Maliya ya sami Rayyis. Da gwiwa ta gaza sai ya dawo gida ya kama gyaran raga. Ni kuwa Bakano ne, ruwan da na sani shi ne na randa. Karatu ya kawo ni, nahawu ya fi ƙarfina, na ƙare a tuƙin motar sanyi mai ɗauko kifi daga bakin teku zuwa kasuwar Makka. Ni nake kawo wa Baba ragar da ta yage a buhu, ni nake mayar da ita idan ya gama. A haka na ga 'yarsa, a haka kuma ya ba ni ita, bayan ya gaya wa Inna cewa yaron bai san kan kifi daga wutsiyarsa ba amma yana da kunya.

Kunyar nan kuwa na riƙe ta da hannu biyu. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Idan na kawo buhu sai in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, ya amsa yana kallon allurarsa, in ajiye in fita. Abokan aikina Larabawa da suke shan shayi da surukansu suna tafawa, dariya suke yi mini.

A soron gidansu na Nakkasa yake aiki a wancan lokacin. Yakan saƙala raga a babban yatsan ƙafarsa, ya ja ta, allura na shiga tana fita, bakinsa na motsi da salati. Kusa da shi akwai wani buhu da ba mai taɓawa. Duk guntun zaren da ya yanke, ko bai kai tsawon farce ba, a ciki yake jefa shi. Idan iska ta ɗauke ɗaya sai ya tashi da gwiwar nan tasa ya bi shi har ya kamo. Yakan ce a ƙuruciyarsa da zaren rama da auduga suke saƙa, idan ruwa ya ci raga sai ta ruɓe ta huta. Wannan ta roba kuwa ba ta mutuwa. Mai ita zai haƙura ya sayi wata, ya tsufa, ya mutu, ita tana can ƙasa tana kamu, ba mai bisimilla, ba mai ci. A garinsu, in ji shi, masuncin da ya bar ragarsa a ruwa bai nemo ta ba, ba ya zama cikin maza. Kuma ya yi imani har zuciyarsa cewa duk ran da irin wannan raga ta kashe a banza, akwai wanda za a tambaya.

Wata rana na hau soron na tarar ya gama wata babbar raga da ya yi mako biyu a kanta, ya shanya. Sai ga tantabara ta faɗa ciki ta cukurkuɗe. Ya yi ta lallaɓa ta, tana ƙara shiga. Bai yi wata-wata ba ya ɗauki almakashi ya yanka aikinsa, ido wajen ashirin, ya sake ta. Inna ta ce ai da ya bari a hankali za ta fita. Ya ce tsuntsuwar Harami ce, a cikin amana take, shi kuma zare bai ƙare a duniya ba. Ya zauna ya sake ɗinkewa har la'asar, yana mita a kan wautar tantabaru.

Da aka rushe unguwar muka koma Kudai, soro ya zama baranda mai faɗin tabarma ɗaya. Bai yi ƙorafi ba. Buhun guntayen zarensa ne abu na farko da ya sa aka ɗora a mota.

To, shekarar da ta wuce ne ƙungiyar masunta ta raba wa masu jirage wata na'ura. Girmanta bai wuce ƙaramin kwanon sha ba, ruwan lemo ce mai ɗaukar ido, tana yawo a saman ruwa. A kanta akwai baƙin gilashi mai shan hasken rana, da shi take cika batirinta. Ana ɗaure ta a igiyar raga, ita kuma tana aika saƙo ta tauraron ɗan'adam zuwa waya, sai mutum ya ga ɗigo a taswira, ya san inda ragarsa take ko da iska ta ja ta. Rayyis ya sa mini manhajarta a wayata, ya ba ni na'urar da wata sabuwar raga, ya ce Baba ya ɗaure ta da ƙullinsa. Ya nuna mini gilashin da yatsa ya ce in kula, abincinta rana ne.

Baba ya juya ta a hannu ya fi sau goma. Da farko ya raina ta. Ya ce su da dutsen gaɓa da launin ruwa suke gane wurin ragarsu, masuncin da sai waya ta gaya masa inda ya ajiye kayansa gara ya koma tallan dabino. Sai matata ta yi masa bayani cewa ko guguwa ta tsinke raga ta kai ta wata duniya, wannan abu zai tona inda take. Ya tambaya ko da gaske ne, ko bayan wata guda. Aka ce masa ko bayan shekara. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Daga ranar ya raɗa mata suna ɗan tsegumi, kuma ban taɓa jin an kira tsegumi da ƙauna irin haka ba.

Matsalar ita ce, Baba idan yana son abu sai ya yi masa riga. Alƙur'aninsa na cikin gafaka, rediyonsa na da rigar fata, har tocilansa. Yana da wata jar fatar akuya da aka kawo masa tsaraba daga gida, yana ta ajiyarta. Da na zo ɗaukar raga bayan kwana biyu, sai na tarar ɗan tsegumi ya shige cikin jar fata ruf, an ɗinke shi kamar laya, ɗinki biyu-biyu, ba ko kafar allura. Baba na murmushi. Ya ce gishirin teku ba ya barin komai, abu mai daraja irin wannan ba a jefa shi tsirara.

Na gani. Wannan ita ce maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Na gani, na tuna yatsan Rayyis a kan gilashin, bakina ya buɗe ya rufe. Yaya zan dubi surukina, yana murna da aikin hannunsa, in ce masa ya yi kuskure? Na ce a raina idan na isa bakin teku zan farke. Na isa a makare, kifi na jira, ƙanƙara na narkewa, na miƙa buhu na juya. Ma'aikatan jirgin kuma da suka ga fata, suka ɗauka wani tsari ne tsohon ya yi musu, ba wanda ya yi gigin taɓawa. Kwanakin farko ɗigon na fitowa lafiya lau da sauran cajin da ke ciki, har na ce ashe ma ba komai. Ran nan ɗigo ya ɗauke. Kwana biyu bayan haka iska ta taso daga kudu, jirage suka gudo gaɓa, ragar na cikin ruwa. Da aka koma babu ita babu alamarta. An yi kwana uku ana kewaye, amma jar fata a kan teku ba ta ganuwa kamar ruwan lemo.

Rayyis ya wanke ni tas a gaban mutane, da Larabcin da ban ma san na iya ji ba. Na tuƙo mota zuciyata na tafasa, ban tsaya ko'ina ba sai barandar Baba. Ban durƙusa ba. A tsaye na ce masa:

"Baba, wa ya ce ka rufe ta? Rana take ci, ka toshe mata ido. Yanzu ga raga can ta ɓata, kuma hannunka ne ya jawo."

Shekara goma ban haɗa ido da shi ba, ranar da na fara kuwa da wannan na fara. Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Baba bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya dubi hannun nasa, gaba da baya, ya zare ragar da ke yatsan ƙafarsa, ya soke allura a jikin buhu. Abin da ya tambaya kawai shi ne tsawon ragar, ko da yake shi ya ɗaura mata igiya ya san tsawonta. Na faɗa masa. Ya ce, "Tana da yawa," ya shiga ɗaki.

Bai ƙara gyara raga ba. Bai ƙara cin kifi ba, mutumin da tuwo ba ya wuce masa sai da romonsa. Malamai biyu daga cikin mutanenmu na gida da ke karatu a nan suka zo suka yi masa nasiha cewa kuskure ne, Allah ba ya kama bawa da abin da bai yi niyya ba. Ya saurare su da ladabi, ya ce ya yarda, amma ita ragar ba ta san da wannan fatawa ba, yau ma ta yi kamu. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, ya ce ba komai. Amma ban ce masa na ga fatar tun farko ba. Na bar tsoho ya ɗauki kayan mu biyu shi kaɗai, kuma wannan ya fi ɗaga muryar muni.

Daga nan maganarmu ta koma guda ɗaya. Duk ranar da na dawo daga bakin teku na je gaishe shi, sai ya ɗago, yana nufin ɗan tsegumi, ya ce, "Ya yi magana?" In ce, "Bai yi ba, Baba." Ya gyaɗa kai. Wata bakwai muna haka. Rayyis ya daɗe da haƙura, ya ce in goge abin daga wayata, na ƙi, don ban san abin da zan gaya wa Baba ba idan na goge.

Ana saura kwana huɗu ya rasu, jikinsa ya yi nauyi, ya sa aka kira ni. Ya yi tambayarsa, na ba shi amsarsa. Sai ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya ce:

"Fata tana ruɓewa, ɗana. Ba roba ba ce. Ran da ta ruɓe zai ga rana. In ya yi magana ka tafi, ko ina cikin likkafani."

Na ce to. A raina kuwa na ɗauka zafin ciwo ne.

Ranar Alhamis ɗin nan ta uku, rana ta take tsaka, ana zuba gahawa, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Na duba don in kashe. Ɗigo ne, shi kaɗai, can kudu nesa da inda aka yi ta nema. Na zauna ina kallonsa. Na dubi malamin da zai yi addu'a, na dubi ƙanin Inna, na san abin da za a ce. Amma batirin da ya yi wata bakwai a mace ban san ko zai kai gobe ba. Na leƙa wajen mata na nuna wa matata fuskar wayar, ta toshe bakinta da mayafi ta yi mini alama da kai in tafi.

Rayyis ya riga ni gani, ya tada inji, ya shirya mini takardar izinin shiga teku. Ni da nake jigilar kifi shekara da shekaru, ranar na fara hawa jirgi, kuma abin da cikina ya yi ba na rubutawa ba ne. Muka bi ɗigon har la'asar sakaliya. Muka same shi yana lilo a kan wasu duwatsun murjani, rabin fatar ta zagwanye ta rataye, gilashin na kallon sama. Ragar na ƙasa ta nannaɗe duwatsun.

Ba zan yi wa Baba ƙarya a bayan ransa ba, ragar ta yi ɓarna. Mutum biyu suka yi ta nutso suna yankewa, muna ja. Ƙasusuwan kifi, ƙaguwa, ɓawon kunkurun teku guda biyu babu kowa a ciki, ga ledoji da robobin ruwa da ta tattaro. Wari ya cika jirgi. Can wajen ƙarshe muka jawo wani kunkuru da ransa, zare ya shige masa hannu har ya yi rauni. Rayyis ya miƙo mini wuƙa ya ce ni ne wakilin tsohon. Na yanka ido ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na ga an yi wa tantabara, muka tura shi ruwa. Ya ɗan tsaya kamar bai yarda ba, sannan ya nutse. Muka kwashe ragar kaf, har guntayen da suka zuba a jirgi na bi na tsince na sa a buhu.

Da na kwance ɗan tsegumi na duba rigarsa. Fatar ce ta ruɓe, ɗinkin kuwa yana nan biyu-biyu, ko ɗaya bai saki ba. Rayyis ya karɓa ya duba, ya yi dariya, dariyar ta juye masa, ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara.

Washegari da safe na kai wa Inna guntun fatar. Na durƙusa na gaya mata abin da na kasa gaya wa mijinta, cewa na ga rigar tun ranar farko na yi shiru. Ta shafa ɗinkin da yatsa, ba ta ko yi mamaki ba.

"Ai ya sani," in ji ta. "Ya ce ya ga bakinka ya buɗe ya rufe, daga baya ya gane dalili. Na ce ya faɗa maka, ya ce a'a, kunyarsa ka ji, ba zai sa ka ji kunyar jin kunya ba."

Ina son mutumin nan, kuma ban taɓa gaya masa ba, don ba a faɗa wa suruki irin wannan.

Daga nan na wuce Shara'i. Kaburburan Makka ba su da suna, duwatsu ne a jere iri ɗaya, sai da na ƙirga layi kafin na tsaya inda nake zaton nan ne. Na yi sallama, na durƙusa daga ɗan nesa kamar yadda na saba yi a bakin ƙofarsa. Na jira kaɗan, ko da yake na san ba za a tambaye ni ba. Sannan na ce:

"Ya yi magana, Baba. Mun fito da ita duka."

Allah Ya yafe masa abin da ragar ta kama, Ya yafe mini shirun da na yi. Yadda ya yanka aikin hannunsa ya saki abin da ya maƙale, Allah Ya kwance masa duk wani ƙulli a kabarinsa, Ya shayar da shi ruwan da ya fi na Yawuri daɗi. Amin.